Althea Gibson: Matar Da Ta Yi Golmon Shekara Bakwai A Filin Tanis

Duk wadda ta tashi a Danko ko wani gari na ƙasar Zuru ba sai an yi mata bayanin golmo ba. Saurayi ne zai ɗauki fartanya ya yi ta noma a gonar iyayen yarinyar da yake so, damina bayan damina, har shekara bakwai, sa'an nan a ba shi mata. Ko ba kome shi ya san ranar gamawa. To, yau labarin wata mata zan ba ku wadda ta yi nata golmon a filin wasan ƙwallon tanis, ita ma shekara bakwai cif, daga 1950 zuwa 1957, amma ita babu wanda ya yi mata alkawarin kome. Sunanta Althea Gibson, baƙar fata ce 'yar Amurka.

An haife ta ran 25 ga Agusta, 1927, a wani ƙauye da ake kira Silver cikin Jihar Karolina ta Kudu. Iyayenta, Daniel da Annie Bell, manoman auduga ne, amma ba su da gonar kansu. Gonar wani suke nomawa, in kaka ta yi a raba amfani da mai gona. Da tattalin arzikin Amurka ya karye a ƙarshen shekarun 1920, auduga ta yi kwantai, sai suka tattara nasu ya nasu suka koma birnin Niyok a 1930, suka sami ɗaki a Harlem, unguwar baƙaƙe. Althea ita ce 'yar fari.

Ba zan ɓoye muku ba, yarinyar nan ba irin wadda uwa za ta nuna wa 'yarta ta ce yi koyi da ita ba ce. Makaranta ba ta dame ta ba, gudu take yi. Faɗa kuwa har da maza, domin ubanta da kansa ya koya mata dambe, kuma hannunsa ba ya da sauƙi a kanta. Akwai dararen da tsoron duka yakan hana ta komawa gida, sai ta shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa ta yi ta zagaya gari a ciki har gari ya waye. Har ta taɓa zama a gidan da ake ajiye yaran da ake zalunta. Tana da shekara 13 ta bar makaranta.

Abin da ya cece ta titin ƙofar gidansu ne. A lokacin 'yan sandan Niyok sukan tare waɗansu tituna da rana su hana motoci bi, don yara su sami wurin wasa, kuma layinsu Althea, watau titi na 143, yana ciki. A nan ake wani wasa mai kama da tanis, da ɗan katako mai faɗi ake buga ƙwallon. Ta gwanance ƙwarai, har a 1939, tana 'yar shekara 12, ta zama zakarar matan Niyok a wannan wasa. Wani makaɗi mai suna Buddy Walker da ke lura da yaran titin shi ya fara sa mata abin buga tanis na sosai a hannu. Maƙwabta kuma suka yi karo-karo suka biya mata kuɗin shiga kulob ɗin Cosmopolitan, inda masu hali cikin baƙaƙen Harlem ke wasa. Malaminta na farko, Fred Johnson, hannu ɗaya gare shi.

A nan ya kamata in tsaya in yi muku bayanin yadda al'amarin yake, in ba haka ba ba za ku gane nauyin abin da ta ɗauka ba. A Amurka ta wancan zamani tanis iri biyu ne. Akwai na Turawa, wanda shi ne duniya ta sani, akwai kuma na baƙaƙe, waɗanda suka kafa tasu ƙungiya mai suna ATA tun 1916 saboda an hana su shiga na Turawan. A cikin na baƙaƙe Althea ba ta daɗe ba ta yi fice. Ta ci gasar 'yammata ta ƙasa a 1944 da 1945, daga 1947 kuwa ta riƙe kofin mata shekara goma a jere babu mai karɓa. Amma duk wannan a idon masu tsara jerin gwanayen ƙasa daidai yake da ba a yi ba.

A 1946 ta sha kashi a wasan ƙarshe na gasar mata ta ATA. Cikin 'yan kallo a ranar akwai likitoci biyu baƙaƙe, Dokta Hubert Eaton na garin Wilmington da Dokta Robert Walter Johnson na Lynchburg. Su ba faɗuwarta suka duba ba, tsawonta da ƙarfin hannunta da zafin zuciyarta suka gani. Suka yi mata tayi, amma da sharaɗi: sai ta koma makaranta. Lokacin karatu ta zauna gidan Dokta Eaton kamar 'yar gida, ta yi ta wasa a filin da ke bayan gidansa, lokacin hutu kuma Dokta Johnson ya ɗauke ta ya yi ta yawo da ita gasa-gasa. Shahararren ɗan damben nan Sugar Ray Robinson da matarsa Edna Mae, waɗanda suka ɗauke ta kamar ƙanwa, su ma suka ƙarfafa mata gwiwa ta tafi.

Ku duba wannan, iyaye mata. Budurwa mai shekara 19, wadda ta saba da yawon dare a Harlem, ta koma ta zauna a aji tare da ƙannen bayanta, a garin da in ta shiga bas sai ta wuce kujerun baya saboda launin fatarta. A gidan Eaton ne ta koyi zaman gida da sa tufafin mata da riƙe harshe, ta kuma koyi cewa in an cinye mutum a fili sai ya je ya miƙa wa abokin karawarsa hannu, abin da a da yake yi mata wuya. Ta gama sakandare a 1949 tana da shekara 21, ta wuce Jami'ar Florida A&M da tallafin karatu na 'yan wasa.

To, ga inda gizo ke saƙar. Babbar gasar Amurka a Forest Hills ake yin ta a lokacin, a kan ciyawa. Babu wata doka a rubuce da ta hana baƙar fata shiga. Abin da ake cewa shi ne sai mace ta nuna bajinta a ƙananan gasannin da ake yi kafin babbar. Su kuwa waɗannan gasanni a kulob-kulob na Turawa ake yi, ba a shiga sai da gayyata, kuma ba a gayyatar baƙi. Watau an ce ki kawo shaida, an kuma kulle ɗakin da shaidar take. Ana cikin haka sai wata Baturiya, Alice Marble, wadda ta taɓa cin gasar Amurka sau huɗu, ta rubuta wasiƙa mai zafi a mujallar tanis ta ƙasar a watan Yuli na 1950, ta kunyata shugabannin wasan, ta nemi a bar yarinyar ta shigo fili a gani in za ta iya ko ba za ta iya ba. Kunya ta sa aka buɗe ƙofa.

A ƙarshen Agustan 1950, kwana kaɗan bayan ta cika shekara 23, Althea ta zama baƙar fata ta farko da ta taka filin Forest Hills a wannan gasa. Ta kayar da Barbara Knapp 'yar Ingila a karon farko. A karo na biyu aka haɗa ta da Louise Brough, wadda ta ci Wimbledon shekara uku a jere. Brough ta ci turmin farko da 6-1, Althea ta rama na biyu da 6-3, a na uku kuma tana gaba da 7-6, saura ƙiris ta kayar da gwanar duniya, sai hadari ya taso. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, har tsawa ta faɗo da wani gunkin gaggafa na dutse daga saman ginin filin. Aka ɗage wasa sai gobe. Ta kwana da zullumi, 'yan jarida sun yi mata caa, da gari ya waye Brough ta gama da ita cikin 'yan mintoci, 9-7.

Kowa ya ce ai shi ke nan, baɗi ko baɗin baɗaɗa yarinyar nan za ta hau kan kowa. Ina! A nan golmon ya fara. A 1951 ta je Wimbledon, aka fitar da ita a karo na uku. A jerin gwanayen matan Amurka ta zo ta 9 a 1952, ta 7 a 1953, sa'an nan a 1954 ta sulmiyo zuwa ta 13. Abin da ya ƙara wa miki gishiri, a daidai waɗannan shekaru ne wata ƙaramar yarinya Baturiya, Maureen Connolly, wadda Althea ta girme ta da shekara bakwai, ta ci gasar Amurka tana da shekara 16, a 1953 kuma ta haɗa manyan gasanni huɗu na duniya duka a shekara ɗaya. Jaridun baƙaƙe da suka yi ta yi wa Althea kirari su ne suka juya suna cewa ta ba mutane kunya.

Ni a ganina ba a yi mata adalci ba. Waɗanda take karawa da su tun suna ƙanana suke goga kafaɗa da gwanaye, da malamai na sosai, da iyaye masu biyan kuɗin jirgi da masauki. Ita kuwa ta yi shekaru tana cinye mutanen da ba su kai ta ba, kuma wanda kullum yake cin wasa cikin sauƙi ba ya sanin inda rauninsa yake. Bugunta na farko kamar harsashi, ga ta da son rugawa bakin raga, amma in aka ja wasa ya yi tsawo sai ta yi ta zubar da ƙwallo a banza. Ga karatun jami'a da ya cinye mata rabin shekara. Ga kaɗaici, domin a wurare da dama za ta yi wasa a filin kulob amma ba za ta kwana a otal ɗin da sauran 'yan wasa suka sauka ba.

Da ta gama jami'a a 1953 sai ta kama aikin koyar da motsa jiki a Jami'ar Lincoln da ke Jihar Missouri. Zuwa 1955 tana da shekara 28, ba aure, ba kuɗi, ba wani kofin da duniya ta sani. Ta yanke shawarar jingine tanis ta shiga rundunar sojan mata ta Amurka, inda ko ba kome akwai albashi da fansho. Mu da muka fito ƙasar da kusan kowane gida akwai soja, mun san wannan lissafi sarai, kuma ba za mu ce ta yi wauta ba. Wanda ya tsaya kai da fata a kan kada ta bari shi ne sabon malaminta, Sydney Llewellyn, mutumin Jamaika, wanda sana'arsa tuƙin tasi ce a Harlem. Shi ya sauya mata yadda take riƙe abin bugu, ya koya mata haƙurin jiran ƙwallon da ya dace.

Ana nan sai gwamnatin Amurka, wadda a lokacin ake ta yi mata gori a duniya kan yadda take wulaƙanta baƙaƙenta, ta shirya tura 'yan tanis huɗu rangadin sada zumunci ƙasashen Asiya a ƙarshen 1955. Aka sa Althea ciki, tare da Karol Fageros da Ham Richardson da Bob Perry. Ta san dalilin da ya sa aka zaɓe ta, amma ta karɓa. Suka zaga Bama da Silon da Indiya da Fakistan da Tailan har mako shida. Da aka gama ba ta koma gida ba, sai ta ci gaba da bin gasanni a Asiya da Turai. A karo na farko a rayuwarta ta sami abin da sauran suke da shi tun tuni, watau wasa da gwanaye mako bayan mako ba tare da tunanin aji ko kuɗin mota ba. Cikin gasanni 18 ta ci 16.

A watan Mayu na 1956, a birnin Faris, ta kayar da Angela Mortimer 'yar Ingila da 6-0 da 12-10, ta zama baƙar fata ta farko, mace ko namiji, da ta ci ɗaya daga manyan gasanni huɗu na duniya. Ta kuma ci na 'yan bibbiyu tare da wata 'yar Ingila, Angela Buxton. Ku riƙe sunan nan, za mu dawo kansa. Buxton Bayahudiya ce, ita ma ta sha wariya a kulob-kulob na ƙasarsu, kuma ba kowa ke son haɗa kai da ita ba. Su biyun da aka ware suka haɗu, suka ci Faris, suka zo suka ci na 'yan bibbiyu a Wimbledon a wannan shekara.

Duk da haka da sauran rina a kaba. Wata gwana mai suna Shirley Fry ta tare mata hanya har sau uku: a Wimbledon a 1956, a wasan ƙarshe na Amurka a wannan shekara, da wasan ƙarshe na Ostareliya a farkon 1957. Sai ran 6 ga Yuli, 1957, saura mako bakwai ta cika shekara 30, Althea ta kayar da Darlene Hard da 6-3 da 6-2 a wasan ƙarshe na Wimbledon. Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ce da kanta ta sauko fili ta miƙa mata farantin zakara. 'Yar manoman audugar da ake tura ta kujerar bayan bas! Da ta koma Niyok aka zaga da ita gari cikin buɗaɗɗiyar mota ana watso mata takardu daga saman benaye. A watan Satumba kuma ta koma Forest Hills, kuma wa kuke tsammani ta tarar a wasan ƙarshe? Louise Brough ɗin nan dai ta ranar hadari. Ta gama da ita 6-3, 6-2. A 1958 ta sake cin Wimbledon da gasar Amurka duka biyu. In an haɗa da na 'yan bibbiyu, manyan kofuna 11 ta tara.

Sai dai kofi ba ya shiga tukunya. A wancan zamani manyan gasannin nan ba a ba da ko sisin kwabo, sai ɗan kuɗin guzuri. Ba a fara biyan lada ba sai 1968, shekara goma bayan ta bari. Saboda haka a ƙarshen 1958, tana kan ganiyarta, tana ta ɗaya a duniya, ta ajiye don ta nemi abin kai wa bakin salati. Babu abin da ba ta taɓa ba. Tana da murya, ta yi faifan waƙa. Ta fito a wani fim tare da John Wayne a 1959, inda aka ba ta matsayin baiwa, ta kuwa ƙi yin magana da irin gurɓatacciyar hausar da aka rubuta mata don a yi wa baƙaƙe dariya. Ta bi 'yan ƙwallon kwando na Harlem Globetrotters tana wasan nuni kafin su fara nasu. Daga baya, tana da shekara 37, ta koma wasan golf, nan ma ita ce baƙar mace ta farko cikin ƙungiyar ƙwararrun mata. Akwai wuraren da aka hana ta shiga ɗakin sauya tufafi, sai a cikin motarta take sauyawa. Ta yi aure sau biyu, da William Darben a 1965, da malaminta Llewellyn a 1983, duka ba su ɗore ba, kuma ba ta haihu ba.

Wata za ta ce ai wannan zamanin da ne, yanzu akwai kuɗi. Akwai, amma a can sama. Tun 1975 kwamfuta ce ke tsara jerin gwanayen mata, ba wani kwamiti ba, kuma ba ta duba launin fata. Maki take ƙirgawa, na mako 52 da suka wuce, wanda ya tsufa ya zube. Yarinya mai tasowa sai ta fara daga ƙananan gasanni waɗanda dukkan ladansu dala 15,000 ne a raba wa kowa, wadda ta lashe ma ba ta samun kashi ɗaya cikin biyar, ga kuɗin jirgi da otal da malami duk a wuyanta. Ba ta shiga babbar gasa sai da maki, ba ta tara maki mai yawa sai a babbar gasa. Ashe ƙofar da aka kulle wa Althea da launi, yau da kuɗi ake kulle ta. Shi ya sa da yawa ke bari suna da shekara 22 ko 23, shekarun da ita ko fara golmonta ba ta gama yi ba. Ko Nduka Odizor, ɗan Nijeriyan da ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon a 1983, yaro ne mai tsintar ƙwallo a Ikko, sai da wani malamin jami'a Ba'amurke ya ɗauki nauyinsa zuwa Houston sa'an nan ya zama abin da ya zama. Mu nan Arewa muna da gasar Dala da aka daɗe ana yi a Kano, amma daga Danko zuwa can tafiya ce, kuma ban ga yarinyar da za ta yi ta ba in babu wani Dokta Eaton a bayanta.

Ƙarshen rayuwar Althea da ban tausayi. A 1992 ta sami shanyewar ɓarin jiki, kuɗin magani ya cinye ɗan abin da ta tara, ta kulle kanta a gida a garin East Orange cikin Jihar New Jersey, ba ta son kowa ya ga halin da take ciki. Wajen tsakiyar shekarun 1990 ta buga wa Angela Buxton waya ta yi mata ban kwana, domin ba ta da kuɗin haya ko na abinci ko na magani, kuma ta gaji da rayuwa. Allah Sarki. Buxton ta aika mata da abin da take da shi nan take, sa'an nan ta sa aka buga labarin a wata mujallar tanis. Sai ga wasiƙu ɗauke da kuɗi suna ta zuwa daga ƙasashe daban-daban, daga mutanen da ba su taɓa ganinta ba. Da wannan ta rayu sauran shekarunta cikin rufin asiri.

Ta ga Serena Williams ta ci gasar Amurka a 1999, shekara 41 bayan nata cin na ƙarshe, ta kuma ga Venus ta ɗaga farantin Wimbledon a 2000. Ta rasu ran 28 ga Satumba, 2003, tana da shekara 76. A 2019 aka kafa mutum-mutuminta a harabar filin gasar Amurka da ke Niyok, kuma Angela Buxton, tana da shekara 85, ta taso tun daga Ingila ta halarci buɗe shi.